Mijinyawa Mai Oba-oba, Wanda Ya Katse Gaisuwar Surukinsa

Da an sallame sallar asuba, Malam Mijinyawa kan ɗaure batir a bayan kekensa ya kai caji bakin kasuwa, ya dawo ɗakin shan magani na Dandin Mahe ya goge akwatin rediyonsa, ya leƙa ko iska ta karkata eriya. Haka ya yi tun zamanin jamhuriya ta biyu har watan jiya, da aka kwance eriyar saboda wayar hannu ta shiga aljihun kowa.

Yaran yanzu ba su san oba-oba ba. Rediyo ce ta aika saƙo, layi ɗaya tak ga tashoshi da yawa. In mutum ya danna yana magana, kowa sai ya saurara, har ya ce "oba", wato na gama, kai nake jira. Abin da aka faɗa a Bodinga kuwa, a kunnen Shagari da Dingyaɗi yake. To ga mu Sakkwatawa, da ba mu iya gaisuwa a tsaye ba. Da lokacin tsuke bakin aljihu ya zo, man janareto ya ɗauke, Mijinyawa ya riƙa tattalin batir kamar mai jego da jariri.

Wata hantsi aka shigo da Maniru, manomin albasa daga Mandera, kububuwa ta sare shi, dasashinsa har ya fara jini. Maganin yana Sakkwato. Mijinyawa ya kunna akwati, sai ya ji muryar surukinsa, Alhaji Ɗanbaba, mahaifin matarsa Hasiya. Tsohon ya shiga tashar Bodinga gaida su Mijinyawa, ya ce "oba" bayan tambayar kwana, kuma kowa ya san da sauran gajiya da iyali da damina.

Mijinyawa, mutumin da bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, ya danna ya ce, "Baba, sabka daga layi. Sakkwato nika nema. Oba."

Ƙasa duka ta ji. Mota ta iso da magani kafin azahar, kafin la'asar kuma saƙo ya iso cewa Hasiya ta tattaro 'ya'yanta ta koma gida.

Mijinyawa bai tura kowa biko ba. Sai da Maniru ya tashi zaune, sannan ya hau keke zuwa Bodinga, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofar zaure. Tsohon ya daɗe bai dube shi ba, sannan ya ce:

"Mutumen nan ya tashi?"

"Ya tashi, Baba. Allah shi huci zuciyakka."

"Gaban jama'a kat tsaishe ni. To yanzu ba ni da batir da ka ƙarewa, sai ka saurara." Ya gyara zama. "Ina gajiya?"

Daga nan ya ɗora, ya bi gaisuwar har ƙarshenta, Mijinyawa na amsawa hawaye na zuba. Da yamma Hasiya ta biyo shi.

Malam Mijinyawa, kai ne ka ɗauki kunyar da babu mai son ɗauka, don wani ya kwana da rai. Kai ne kunnen ƙauyukanmu lokacin da ba mu da wani. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, shi ya sa muka kira shi a nan. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu waya a hannu, da sabis da data, ku koyi sanin lokacin da ake bar wa mai larura layi. In kuna shakka, ku je Mandera ku tambayi Maniru. Yana nan cikin jikokinsa.