Jif ɗin Baba da ba ta lotsa ba

Sandamu, ƙarfe 5:40 na asuba

Muna idar da salla muka fito, ni da maigidana Abban Hanifa, a 'yar ƙaramar motarsa da nake kira gwangwani. Duk Litinin ita ke kai shi aiki Katsina, ta dawo min da shi ranar Juma'a, kuma duk Litinin zuciyata na bin bayansa har sai ya kira ya ce ya sauka. Shi ya sa na ƙudura zuwa Mashi in karɓo tsohuwar jif ɗin mahaifina, wadda ke hannun Baffa Ilu tun rasuwar Baba shekara goma sha ɗaya da suka wuce. So nake in sa mijina cikin ƙarfe na gaske.

Ya sa farar shaddar da na yini ina gogewa jiya. Ya kai hannu zai ja bel ɗin kujera, na riƙe shi.

"Kar ka yamutsa min guga tun ba mu isa gaban Baffa ba."

"To, Gimbiya, yadda kika ce."

Daura, ƙarfe 6:05

Mun tsaya kusa da rijiyar Kusugu muka sayi ƙosai na ɗari biyar da koko a leda. A wannan lungun Baba kan tsayar da jif ɗin ranar kasuwa, mu bakwai a baya kamar buhunan gero, ya ce kowa ya zaɓi abin da yake so. Koriya ce, doguwa, sai an ɗaga ni nake hawa. Ƙofarta in an rufe, har cikin ƙirji kake jin ƙarar. Baba kan daki bonet da tafin hannu ya ce, "Wannan ƙarfen dā ne, ba irin na yanzu ba." Ita ta kai ni ɗakina ranar aurena, ina kuka a ƙarƙashin mayafi ina shaƙar ƙamshin turaren Baba da ya kama kujerun.

Ranar da taya ta fashe masa a hanyar Mashi ya daki bishiyar gawo, abin da kowa ke faɗa a gidanmu shi ne, motar ko lotsawa ba ta yi ba. Baba ya fito da ƙafarsa, ya dawo gida. Bayan kwana biyu ya ce ƙirjinsa, kafin a kai asibiti ya cika. Mun ce ajali, kuma ajalin ne. Ban taɓa haɗa rasuwarsa da motar ba.

Kan hanya, ƙarfe 6:50

Muna hango shingen masu duba ababen hawa, Abban Hanifa ya jawo bel ya ɗora a kafaɗa, ya riƙe bakinsa da gwiwar hannu bai maƙala ba.

"Ina zuwa, Alhaji?" in ji ɗaya daga cikin ma'aikatan.

"Mashi, gaisuwar surukai."

"A sauka lafiya."

Muna wucewa ya saki bel ɗin ya koma mazauninsa. Na yi masa dariya, na gyara masa wuyan riga.

Mashi, ƙarfe 7:25

Daga Daura kilomita arba'in da 'yan kai muka yi. Babura sun cika bakin tasha, masu awaki na ta lodi. Baffa Ilu, ƙanin Baba, dillalin dabbobi ne, mun same shi a zaure yana shan shayi. Sunan kakata gare ni, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, da sassafe haka? Ko angon naki ne ya yi laifi aka kawo shi ƙara?"

Abban Hanifa ya durƙusa ya gaishe shi. Aka kawo mana fura da nono mai sanyi, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Baffa ya juya kofinsa.

"Motar ubanki ce, ba zan hana ki ba. Tana garejin Malam Hadi. Amma ki bari ya yi miki magana tukuna."

Garejin Malam Hadi, ƙarfe 9:10

Tana nan ƙarƙashin bishiyar darbejiya, fentinta ya koɗe, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Na ɗora hannu a bonet, sai hawaye. A gaban ƙarfen nan mai kauri, 'yar shaida kawai gawon ya bari, ba ta kai tafin hannuna ba.

Malam Hadi bakanike ne, dattijo mai furfura, shi ya ja motar daga wurin haɗarin. Na ce masa don tafiyar Katsina nake son ta, saboda gwangwanin can ko akuya ta ture sai ta yamutse.

"Hajiya, zo ki ga wani abu."

Ya shiga ɗakin kayan aiki ya fito da wani sitiyari. Ƙasansa ya lanƙwashe ciki kamar an taka faranti.

"Wannan na cire mata a wancan lokacin. Ba gawo ne ya lanƙwasa shi ba. Ƙirjin Alhaji ne."

Na nemi wurin zama na rasa, sai Abban Hanifa ya jawo min benci.

"Mota in ta daki abu, dole wani ya sha dukan," in ji Malam Hadi. "Ta yanzu an yi gabanta don ya yamutse, ya shanye, ga balan-balan da ke fitowa daga sitiyari. Wannan kuwa ta tsaya cak, ta ƙi lanƙwasa, sai na ciki ya ci gaba da tafiya. Nauyinta na da amfani in ƙaramar mota ta haɗu da ita, ban musa ba. Amma bishiya ba ruwanta da nauyi. Ga ta doguwa, in taya ta fashe a guje ba ta da wuyar kifewa."

"Bel fa?" in ji maigidana.

Malam Hadi ya buɗe ƙofar direba ya nuna wani guntun ƙyalle a jikin ƙarfe. Sai na tuna. Wata shekara igiya ta tsinke mana a hanyar dawowa da ragon layya, Baba ya zaro wuƙa ya yanke bel ɗin ya ɗaure ragon da shi. Ni na riƙe masa ƙahon. Har yaba ƙarfin igiyar muka yi.

"Da yana ɗaure, da ya rayu?" na tambaya.

"Wannan sanin Allah ne, Hajiya. Ni dai na san da ƙirjinsa bai kai nan ba da wannan ƙarfin."

Gidan Baffa, bayan azahar

Mun ci tuwon dawa da miyar kuka. Baffa ya ce ya daɗe da sanin zancen sitiyarin, ya rasa bakin faɗa mana, ganin yadda muke alfahari da motar. Muka yanke shawara Malam Hadi ya sa mata sabon bel, ta koma gonarmu ta Sandamu tana ɗaukar dawa da gyaɗa a hankali. Kwalta kuwa ta gama hawa. Sitiyarin na roƙa, aka naɗe min shi a buhu.

Komawa, ƙarfe 4:15

Abban Hanifa ya tada gwangwani. Kafin ya sa giya na miƙa hannu ta gabansa, na jawo bel na maƙala har sai da ya ce ƙyas, sannan na ɗaura nawa.

"Gimbiya, gugar fa?"

"Akwai gawayi a gida."

Mun wuce shingen ba wanda ya taɓa kafaɗarsa. Mun ratsa Daura rana na jan ƙafa, muka shiga Sandamu ƙarfe shida saura kwata. Da ya fito, ga layi ya ratsa farar shaddar tun daga kafaɗa har ƙugu, ta yamutse sosai. Na daɗe ina kallon layin nan kafin in karɓi rigar.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Baffa Ilu da iyalinsa, da Malam Hadi da ya adana ƙarfen nan shekara goma sha ɗaya har na zo. Allah ya jiƙan Baba. Gobe Litinin, na riga na hura dutsen guga.