Zogalen Inna ya tafi lakwal

'Yan uwa, yau da hannuna na kai wa Inna, uwar mijina, abincin sata!

Kun san sati biyu ke nan ina fama da 'yan ajina a lakwal, wato makaranta, a kan su rage biskit da lemon leda. Jiya na ce kowa ya zo da zogale cikin hannu ɗaya, mu yi kwaɗo da ƙuli. Na ce su samo mai kyau, irin na garkar Inna.

Da safe sai ga zogale buhu guda! Na ji daɗi, ban tambayi kowa ba. Muka dafa, muka kwaɗa. Yara suka bi aji aji suna cewa, "Ku ci ganye, ku bar biskit!" Har darakta, shugaban makarantar, ya nemi ƙari.

Na dawo gida ƙafafuna kamar ba nawa ba, ɗauke da kwanon da na ɗibar wa Inna. Na tarar da ita zaune, ba ta ko amsa sallama ba.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Leƙa garka."

Na leƙa. Sanduna kawai! Ashe tun sassafe yaran suka shiga, suka ce mata Madam ce ta aiko su, wato ni.

Na miƙa mata kwanon. Ta ɗanɗana, ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "'Yar nan, wata biyar ina jan guga saboda ganyen nan. Ko albasa ba ku sa masa ba?"