Fim Mai Dishi-dishi a Wani Falo na Giza

Ko assalatu ba a kira ba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da abokin sana'ata. Bidiyon biki muke ɗauka, kuma kyamarori muka tafi saya a Alƙahira. Wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatun addini a can ne ya tarbe mu, ya cusa mu a ƙaramar bas. Direban yana tuƙi kamar wanda ya baro tukunya a wuta.

Washegari muka shiga kasuwar Ataba. Duk kuɗin da aka fara gaya maka, raba shi biyu ka taya, mai kaya zai dafe ƙirji ya ce "ma'alish", wato ba komai, sannan ya sallama. Muka ci koshari, wato shinkafa da taliya da wani ƙanƙanin wake, an barbaɗa soyayyar albasa. Abokina ya ce garau-garau ce ta yi boko.

A wani shagon kyamara mai jiran shagon ya ji Hausarmu, ya amsa da tasa mai gardin Sudan. Da ya ji aikinmu sai ya ce, "Abokina zai nuna fim ɗinsa a gida bayan la'asar. Yalla, ku zo."

Falon ɗan ƙarami ne a Giza, an jawo labule, wata dattijuwa tana raba shayi. Da aka kunna, na ɗauka na'urar ce ta lalace. Hoton yana rawa, launi ya koɗe, ana jin hon ɗin motoci a bayan magana. Labarin wani saurayi ne da ya tsaya a kicin ya gaya wa uwarsa namiji yake so, ba mace ba. Uwar ba ta ɗago ba, ta ci gaba da wanke shinkafa har ruwan ya yi fari tas. Uban kuwa ya daina cin abinci tare da shi.

Da abokina ya gane inda aka dosa, sai ya miƙe ya fita, ɗalibin da ya rako mu ya bi shi yana "a'uzu billahi". Ni na zauna. Ina son ganin abin da uwar za ta yi.

Bayan an gama na tambayi mai fim ɗin, Basudanen yana fassara, me ya sa hoton ya yi dishi-dishi haka.

Ya ce, "Ya ustaz, tsohuwar kyamarar gidanmu ce, kuma da gangan na zaɓe ta. In fuska ta fito tar, wani zai rasa aiki, wani zai rasa gida."

A lokacin na lura da hannun dattijuwar nan da ke miƙo mini kofi. Shi ne hannun da ya wanke shinkafar. Na ce, "Mama, labarin nan gaskiya ne?"

Ta dube ni, ta ce, "Sha shayinka, ɗana, kada ya huce."

Har muka gama sayayya abokina bai ta da zancen ba. Na koyi cewa akwai maganar da wasu gidaje ba sa iya yi sai an dusashe musu fuska. Sai da muka sauka a Kano, muna jiran kaya, abokin nawa ya matso ya ce a hankali, "Wai uban ya koma cin abinci da shi?"

Na ce, "Ba a nuna ba. An dai bar uban tsaye a ƙofar kicin, da faranti a hannu."