Sakinatu da Ƙungiyar Kitso

Sakinatu 'yar garin Taba ce, ubanta manomin dawa. Bara ta rasu a Kudan, inda ta yi aure ta ƙare rayuwarta tana sayar da man gyaɗa. A makaranta ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, rubutunta ma ba kyau. Kitso ta iya. Amma ita ta kafa ƙungiyar da ta fi kowace amfani a babbar firamaren kwana da muka yi a ƙasar Ikara, kuma har yau ban ji an ambaci sunanta a wajen wani taro ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. In yarinya ta daina ci, ta daina magana, abu biyu ake cewa: ko aljanu ko taurin kai. Maganin duka ɗaya ne, a ɗora mata akwatinta a ka a sa ta a motar kasuwa. Wadda ta tafi kuwa ba ta dawowa.

Akwai Matta, 'yar aji biyar. Ubanta Barnaba tela ne a Makarfi, mutumin kudancin Zariya. Uwarta ta rasu ana hutu, Matta ta dawo makaranta da kai a aske saboda makoki. Ba ta cewa uffan, tuwonta sai ya sandare a kwano. Hedimasta, Malam Jumare, ya ce in wata ya ƙare ba ta buɗe baki a aji ba, gida za ta.

Sakinatu tana aji bakwai. Ta je ofis ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ƙungiya muke so, ta masu damuwa. Mu riƙa zama muna magana."

"Damuwar me, ku da ake dafa muku? Ƙungiyar gulma dai."

"To ta kitso fa, Malam? Saboda ƙwarƙwata."

Ƙwarƙwata kam ya san da zamanta. Ya yarda.

Ran Juma'a bayan la'asar muke taruwa a gindin mangwaro, bayan ɗakin girki. Dokar Sakinatu ita ce, wadda kanta ke bisa cinyar wata ita ke da magana. Mai kitso ba ta ba da shawara, ba ta kai labari gaba. Ta lura tun a gida cewa mace ta fi faɗin cikinta in ta sunkuya, ba mai kallon idonta.

Matsalar ita ce Matta ba ta da gashi. Atika, wata mai baki a ajinmu, ta ce, "Yaya Sakinatu, me za ki kama a nan? Ƙwarya?"

"Ke naki mai gashin, me ke ciki?"

Sakinatu ta jawo Matta ta kwantar da kanta a cinya, ta shafa man shanu, ta ɗauki tsinke tana jan tsaga a fatar kai, layi bayan layi, kamar mai shirin kitson shuku. Juma'ar da ta biyo, ana cikin tsagar, sai Matta ta fara magana. Ba da Hausa ba, da yarensu. Ba wadda ta ji ko kalma. Atika ta miƙe za ta kira Cecilia, 'yar garin su Matta, ta fassara.

Sakinatu ta ce, "Zauna. Ba da mu take ba."

Ta ci gaba da jan tsinke, Matta tana magana tana kuka, har aka kira magariba. Da aka raba tuwo ta ci rabi.

Da wata ya ƙare Malam Jumare ya shigo aji biyar ana darasin lissafi, ya nuna Matta da rula, ya ce ta faɗi bakwai sau takwas. Matta ta miƙe ta ce hamsin da huɗu. Ya ce ta miƙo hannu, ya zuba mata rula biyu, ya ce ta koma ta zauna ta koyi jadawali. Ta koma ta zauna. A makarantar nan ta gama aji bakwai.