Cikakken Goyon Baya ga Koci Merle

Tsoro ya fara kama ni ne a bakin kantin kayan masarufi, ranar da na ga matar kocinmu tana loda kwalaye a bayan mota. Kwalayen banza ne, na ayaba da na sabulu, an ninke su an ɗaure. Ni kuwa na fito riƙe da jarida, bakina har kunne, domin daraktan wasanni na kwalejinmu ya faɗa wa duniya cewa yana ba Koci Merle Hutchcraft cikakken goyon baya.

Na ce, "Mama Loretta, kin ga jarida? Darakta ya ce yana bayanmu!"

Ta ce, "Na gani, Dewayne. Riƙe min igiyar nan."

"To waɗannan kwalayen fa?"

"Goyon baya ya ce, ko cikakken goyon baya?"

"Cikakke."

"To koma ciki ka ce wa mai kanti ya ƙaro min manya, na zuba kwanuka."

Nan a tsaye ta yi min karatun da ba a yi min a aji ba. A sana'ar kocin ƙwallon kwando, in ji ta, babu daraktan da ke fitowa jarida ya yabi kocinsa sai ya riga ya wasa wuƙa. In ya ce yana goyon baya, ka kai ƙarshen kakar wasa. In ya ce cikakke, ka fara ɗaure kaya. In kuwa ya ƙara da "ɗari bisa ɗari", ka kira mai babbar mota tun kafin ka ninke jaridar. Sannan in an kori babban koci, mataimakansa suna bin sa kamar jela, domin sabo da mutanensa yake zuwa.

Ni ne ƙarshen jelar. Bara na gama Kwalejin Tillery da digiri a tarihi. Kawuna ya kira ni aiki a shagonsa na tayil a Evansville na ƙi, na ce wa mahaifiyata koci zan zama. Ta tambaye ni ko sana'a ce, ko kuwa ihu ne a gefen fili. Koci Merle ya ɗauke ni ina koyon aiki, ya yi min alkawarin in kaka ta zagayo zai mai da ni cikakken mataimaki. Duk abin da na dogara da shi ke nan, kuma ga shi ana ɗaure shi da igiya a gabana.

A gonar masara aka haifi Koci Merle, nan kudancin Indiana, inda ubansa ya kafa masa kwando a jikin rumbu tun kafin ya saya masa takalmi na kirki. Son ƙwallo Allah ya ba shi, tsawo ne ya hana shi. Duk zamansa a sakandare a benci ya yi shi, har yana cewa babu wanda ya kai shi sanin wasa, domin shi kaɗai ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe ba tare da an dame shi da ƙwallo ba.

Aikinsa na farko a wata sakandare ne, inda da yamma yake horar da yara, da safe kuma ya koya musu tuƙin mota. Motar makarantar tana da birki na biyu a gefen malami, kuma shekarun da ya yi yana taka birkin nan don ceton ransa sun bar masa tabo. Har ya tsufa, in 'yan wasansa suka ɗauki ƙwallo da gudu, sai ka ga ƙafarsa ta dama tana dukan katakon fili, yana ihu, "A hankali! Ina za ku? Gobara ake yi?" Wasan ƙungiyarsa ya yi suna a jihar nan wajen sa barci. Akwai wani tsoho da ke zuwa kowane wasa da matashin kai.

Daga nan ya tafi Kansas mataimaki a wata ƙaramar kwaleji, shi ne direban bas, shi ne mai wankin riguna. Can ya auri Mama Loretta, can kuma ya fara jin daraktan wasanni ya yabi maigidansa a rediyo, wata bai ƙare ba aka sallame su duka. Ya sayar da inshora na shekara guda, bai sayar wa kowa ba sai surukinsa. Ya koma Missouri, aka goya masa baya. Ya tafi Ohio, aka goya masa baya. Sau ɗaya ya hau sama, ya zama mataimaki na uku a wata babbar jami'a, har aka nuna wasansu a talabijin. Yana da kaset ɗin, duk baƙon da ya zo gidansa sai an kunna masa, a tsayar da hoton a ce, "Ka ga kafaɗar nan, bayan mai riƙe da tawul? Ni ne." Can ma ɗari bisa ɗari aka ba su.

Shi ya sa Mama Loretta ba ta shuka komai a ƙasa. Tumatir ɗinta a bokiti yake, furanninta a tukwane. Labulenta duk tsawonsu ɗaya, ta ce taga ce za ta bi labule, ba labule zai bi taga ba.

Da na shiga ofishin Koci washegari na same shi ya ɗora ƙafafu a kan tebur, ya cire laktaye daga wuyansa, abin da ban taɓa gani ba.

"Koci, ba abin da za a yi?"

"Akwai, ɗana. Zauna ka sha kofi. Ka taɓa ganin gawa tana tsoron mutuwa?"

Bana kakar wasanmu ta yi muni, an ci mu har mun saba. Daraktan kuma sabo ne, Brent Oglesby, matashi mai fararen haƙora wanda aka ɗauko daga kamfanin sayar da katifa. Koci bai ma nemi ganinsa ba. Ya ce ya ga irin fim ɗin nan sau da yawa, ya san wanda ke mutuwa a ƙarshe.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni cin abinci. Tunda Koci ya ɗauka an gama da shi, sai ya fara rayuwa kamar wanda aka sako daga kurkuku. Wasan farko bayan jaridar, yara suka ɗauki ƙwallo da gudu, na ga ƙafarsa ta ɗaga za ta taka birki, sai ya dube ta, ya mayar da ita ƙasa a hankali. Ya ce, "Ku gudu! Ku gudu har ku faɗa kogi, ba motata ba ce!" Yaran suka waiwayo suna dubansa kamar ya yi wani yare. Sannan suka gudu. Muka ci wasan. Tsohon nan mai matashin kai ya zo bayan an tashi yana ƙorafi wai an hana shi runtsawa.

Sai maganar Chase. Chase jikan Mista Garland Tibbs ne, attajirin da ke sayar da motoci a garin, wanda ya saya wa ƙungiya bas, kuma yake zaune a kwamitin wasanni. Yaron kirki ne, amma in ya jefa ƙwallo, masu zama a layin gaba ne ke kare fuska. Duk da haka kowane wasa da shi ake farawa, kowa kuma ya san dalili. Koci ya kira shi ya ce, "Zo nan, jikan mai bas. Ga benci, ni ma a nan na yi digirina." Muka sake cin wasa, muka kuma ci na gaba.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma akwai liyafar rana da masu tallafa wa ƙungiya ke yi kowane wata, a ci soyayyar kaza, koci ya tashi ya gode wa kowa da sunansa. Na roƙe shi a mota, na ce, "Koci, don girman Allah, godiya kawai." Ya ce, "Godiya kawai, ɗana."

Ya miƙe, ya goge baki. Ya ce, "Ina gode wa Mista Tibbs da bas. Bas ɗin ya fi jikansa sanin hanyar kwando." Cokula suka tsaya. Ya juya kan darakta. "Ina kuma gode wa yallaɓai mai katifa. Ranka ya daɗe, na ga saƙonka a jarida. Manyan da suka fi ka sun goya min baya, kuma aƙalla su sun san ƙwallon zagayayye ne. In za ka yanka mutum, ka kira shi ofis, ka dube shi ido da ido." Ya zauna, ya ce a miƙo masa cinyar kaza. Ni dai na ga tayil ɗin kawuna yana yawo a idona.

Da aka watse, darakta ya tare ni wajen ajiye motoci, fuskarsa ta yi ja.

"Dewayne, tsakaninka da Allah, me na yi wa tsohon nan? Na ce ina bayansa!"

"Ai shi ne, yallaɓai."

"Shi ne me?"

Na dube shi da kyau. Babu alamar wasa a fuskarsa, kamar ma zai yi kuka. Na ce, "Yallaɓai, wai da gaske kake nufi?"

"To da wasa ake faɗa? Na ga ana cin ku, na ga jikinsa ya yi sanyi, na ce bari in ƙarfafa masa gwiwa. A kamfaninmu in ka yabi ma'aikaci murna yake yi! Har na shirya in roƙi kwamiti a ƙara masa shekaru. Yanzu ga Mista Tibbs ya rantse ko Koci ya tafi ko bas ya tafi."

Ban san yadda na isa gidan Koci ba. Na same su a falo tsakanin kwalaye, tana naɗe kofuna da jarida, shi yana riƙe da kaset ɗin kafaɗarsa. Na faɗa musu komai ina haki.

Koci ya ce, "Gaskiya ya faɗa? A jarida?"

"Gaskiya, Koci."

"Shekara da shekaru ana korata, ba wanda ya taɓa yi min irin wannan cin amana. Wa ya ɗauko mana mutumin da bai san aiki ba?"

Mama Loretta ta zauna a kan kwalin ayaba tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Maigida, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kai kuwa ba gudu ka yi ba, tsumman ka rufe da duka a gaban jama'a."

"Ke ce fa kika fara kawo kwalaye, tsohuwa!"

"Ni kwali na kawo, ban ce ka zagi mai bas ba."

Na ce, "Koci, ni fa? Me zan ce wa mahaifiyata?"

Ya dube ni. Sannan ya ajiye kaset ɗin, ya ce da matarsa, "Ina kika sa laktayena?" Sai da aka buɗe kwali uku kafin a same shi, a cikin tukunyar miya.

Da safe muka tafi ban haƙuri, ni ina ɗauke da kek ɗin tuffa da Mama Loretta ta gasa. Mista Tibbs ya karɓi kek ɗin, ya rufe ƙofa. Darakta kuwa ya saurare mu. Koci ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Ban taɓa haɗuwa da darakta mai gaskiya ba, shi ya sa ban gane ka ba. Ni dai in an kore ni na saba. Amma yaron nan bai zagi kowa ba, in sabon koci ya zo, ka sa baki a bar shi."

Darakta ya ce shi har yanzu yana son Koci, musamman da aka fara cin wasa, amma kwamiti ne zai yanke, kuma Mista Tibbs yana da mutane a ciki. Ya ce, "Ko in sake kiran 'yan jarida, in ce ina bayanka ɗari bisa ɗari?"

Ni da Koci muka miƙe tare. "A'a!"

"To me zan ce musu?"

"Kada ka ce komai," in ji Koci. "In sun tambaye ka, ka ce ba ka san ni ba."

Koci ya mayar da laktaye, amma bai mayar da Chase fili ba, ya ce haƙuri ya bayar, ba wasa ba. Yaran suna ta gudu. Wani lokaci ina ganin ƙafarsa tana rawa, yana danne ta da hannu. Mama Loretta ta fito da kwanuka da cokula kawai, sauran kwalayen suna nan a ɗaure a falo, tumatir yana bokitinsa. Kawuna ya bugo waya ya ce gurbina a shago yana nan, na ce masa zan kira shi.

Kwamitin ya zauna ranar Litinin. Jaridar yau ba ta ce komai a kan Koci ba, kuma Mama Loretta ta ce wannan ne labari mafi daɗi da ta karanta tun da ta yi aure. Darakta ya ce zai kira mu da zarar sun yanke shawara. Har yanzu bai kira ba.