Shitu da Minjirya

Shitu taubashina ne, don haka bakina a buɗe yake a kansa. Tun yana ɗan tsirit yake su a gulbin Gummi, har gemu ya yi fari bai koyi wata sana'a ba. Ni nake soya abin da ya kamo, shi ya sa na san ƙaryarsa: kifi kamar tafin hannu, kafin ya iso kasuwa ya zama kamar cinya.

Bara sai zuciyarsa ta soma tsalle-tsalle, yana tuƙi yana haki. Matarsa Hawwa'u ta ɓoye filafilin kwalekwalensa, ta ce ba shi ba gulbi sai likita ya gan shi. Muka raka shi asibiti a Sakkwato.

Likita ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta ce, "Baba, zuciya da lantarkinta take aiki. Akwai wani ɗan wuri a cikinta da ke ba da wuta kaɗan, ƙwayoyin naman su riƙa miƙa wa juna, sai ta matse gaba ɗaya. Naka sun rikice, kowace na kiɗanta daban. Ka sha magani tukun, in ka dawo mu sa ka barci mu ba ka wuta, su yi tsit su sake ɗauka tare."

Shitu kuwa yana tsoron allura kamar kunama. A mota ya ce mini, "Ke tsohuwa, in wuta ce ai muna da ita gida. Mi ar ranar minjirya?"

"Shitu, wautar taka har ta yi jikoki," na ce.

Bai ji ba. Ya sa aka kamo masa ƙatuwar minjirya, kifin nan mai girgiza mutum, ya tuɓe riga a bakin gulbi, ya yi bisimilla ya rungume ta. Ƙarar da ya saki har masu wanki suka watse. Muka tarar da shi zaune cikin laka, zuciya na nan da haukanta, kifi ya koma ruwa abinsa.

Da muka koma asibiti likita ta ji, ba ta yi dariya ba sai da ta gama faɗa. Ta ce na'urarsu tana jiran daidai lokacin bugawa kafin ta saki wuta, in aka kuskure ana iya tsayar da zuciya ɗungurungum. "Kifin naka ya iya wannan, Baba?"

Aka sa shi barci. Da ya farka ya riƙe hannun Hawwa'u yana cewa, "Ki ce su bari, ban shirya ba." Ta ce, "Malam, an gama tun ɗazu."

Yanzu kullum da hantsi yana kan ruwa, yana tuƙi yana waƙa da muryar nan tasa mai korar kifi. In minjirya ta faɗo taru, da sanda yake tura ta waje.