Ramin da Na Bar Baba Tanko

Ni mutumin Kakangi ne, kuma ba a haife ni ɓarawo ba. Mahaifina manomi ne mai rufin asiri. Na taso ina bin sa gona, har na yi wayo ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Sai dai Allah ya yi ni da ƙin fartanya da son a ce wane ya waye.

Zamanin Turawa ne, gab da za su tattara nasu ya nasu su tafi. Na bar gona na zama yaron mota a wata motar katako mai jigila tsakanin Birnin Gwari da Kaduna. A nan hannuna ya fara tsawo. Yau in zari goro daga huhu, gobe in sauke turmin atamfa in ce a hanya ya faɗi. Ba wanda ya taɓa kama ni, kuma wannan shi ne babban rashin sa'ar da na yi.

A Kaduna na koyi shiga silima. Wata rana aka nuna fim ɗin wasu halittu masu kai kamar kabewa, waɗanda suka sauko daga sama cikin jirgi. Suka kama wani tsohon Bature masani, suka kulle shi a ɗakin gilashi, suna miƙa masa abinci ta wata kafa, har ya faɗa musu sirrin da suke nema. Da suka sake shi, ko rigarsa ba ta yamutse ba. Ban jin Turanci, amma na fito ina ganin na yi karatu. Na ce ashe wahalar banza nake sha da satar kaya, mai dabara mutum yake kamawa.

Akwai wani abokin mahaifina, Baba Tanko, tsoho mai wankin zinariya a rafukan daji. Ana ta raɗe-raɗin wai ya san wani wuri da zinariya take zube kamar tsakuwa. Rigarsa ɗaya ce tak, amma ni da kwaɗayi ya rufe wa ido sai na ce rowa ce kawai.

Na same shi na ce na hango wani dutse mai ƙyalli a ƙasan wani tsohon rami da masu haƙa suka bari cikin daji. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Mu je in duba maka, ɗana, kada wani ya cuce ka." Ya bi igiya ya sauka. Ƙafarsa na taɓa ƙasa na janye igiyar.

Da farko ya ɗauka wasa ne. Da na gaya masa ba zai fito ba sai ya faɗi wurin zinariyar, ya rantse mini babu wani wuri, abin da yake samu bai wuce na hatsi da gishiri ba. Na ƙi yarda, tunda shi ma Baturen fim sai da ya yi gardama. Na zura masa fura da butar ruwa. Zan tafi ya ɗaga murya ya ce, "To nuna mini gabas, daga nan ba na ganin rana." Na nuna masa da hannu na juya. Wannan magana har gobe tana cina.

A silima kwanaki kan wuce kafin ka ƙifta ido. A gari kuwa matarsa, Inna Hajo, ta bi gida gida tana cigiya har ƙafarta ta kumbura. Na shiga cikin masu nema, ina karkatar da su wata nahiyar, ina cewa ƙila iskokin daji ne suka ɗauke shi. Abincin da ta dafa wa masu nema, da ni aka ci, har na yi ƙari. Kullum in na koma bakin ramin amsarsa ɗaya ce, muryarsa kuwa tana ƙara dushewa.

Ranar kasuwa ina Birnin Gwari sai hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwan farko kamar da bakin ƙwarya. Wallahi ban taɓa kawo zancen ruwa a raina ba, don ɗakin gilashi ba ya yoyo. Na zubar da abin da ke hannuna na kama gudu. Na tarar ruwa ya kai masa wuya, ya riƙe wata saiwa da hannu biyu. Na jawo shi, na goya shi har gida, yana karkarwa ya kasa magana. Ban sha wahalar yi wa kowa bayani ba, igiyar da ke kafaɗata ta faɗi komai.

'Yan doka suka kai ni gaban alƙali, aka tura ni gidan yari a Zariya. Na fasa dutse, na ɗauki bokitin ƙazanta, na kuma san yadda rana take tsawo ga wanda aka kulle. A can na koma ga Allah. Abin da ya riƙe ni duk shekarun nan shi ne in fito in durƙusa gaban Baba Tanko.

Da aka sake ni ban biya gidanmu ba, gidansa na nufa. Na tarar da Inna Hajo tana tankaɗe a tsakar gida, ta tsufa ƙwarai. Ita ta shaida mini tarin da ya kwaso a ramin bai bar shi ya ga kakar shekarar da abin ya faru ba. Na zube ina kuka ina neman gafara. Ta dube ni ta ce, "Tashi. Yawon da na sha na yafe maka. Amma sanyin ramin nan shi ya sha, ba ni ba. Mai yafe maka yana maƙabarta."

'Ya'yana, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku yi kallonku in kuna so, amma ku sani mutum ba hoto ba ne, yana jin yunwa, yana jin sanyi, yana da mai kuka dominsa. Kada ku raina ƙaramar sata, ita ke koya wa zuciya rashin tausayi. In kuwa kun riga kun zalunci wani, ku tashi yau ku nemi afuwarsa tun yana numfashi. Ni na tuba, na koma noma, ina yi masa addu'a bayan kowace salla. Amma har yanzu ban san ko ya yafe mini ba, kuma babu wanda zan tambaya.